Bambancin Hanyoyin Tantance Maƙalu a Fannonin Ilimi da Matsayin Nazarin Harshe a Cikinsu

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da malamin jami'a ya gabatar da rubuce-rubucensa domin neman ƙarin girma, tambayar farko da akan yi ita ce, shin mujallun da suka buga su suna tantance maƙalu ko kuwa ba sa yi? Abin da ake nufi da tantancewa a nan shi ne al'adar nan ta editan mujalla ya aika da maƙala ga wasu masana, takwarorin marubucin a fanninsa, domin su duba ta su ba da shawarar a buga, ko a yi gyara, ko kuma a mayar wa mai ita abinsa. Da yake kalma ɗaya ce ake amfani da ita a dukkan tsangayoyi, sai aka ɗauka cewa aikin ma iri ɗaya ne, wato abin da aka yi wa maƙalar masanin lissafi shi aka yi wa ta masanin adabi. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa ba haka abin yake ba. Tambayar da edita yake so mai tantancewa ya amsa masa ta sha bamban daga fanni zuwa fanni, kuma wannan ne ya haifar da sauran bambance-bambancen da ake gani, kamar na tsawon lokacin jira, da yawan maƙalun da ake ƙi, da ɓoye suna ko bayyana shi. Manazarta harshe suna da ruwa da tsaki a cikin maganar, domin kuwa fanninsu ya raɓi kimiyya ta wani gefe, ya kuma raɓi adabi ta ɗaya gefen.

2.0 Waiwaye

Akan danganta asalin wannan al'ada da shekarar 1665, lokacin da Henry Oldenburg, sakataren ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan, ya fara buga mujallar Philosophical Transactions. Sai dai shi Oldenburg da kansa yake zaɓar abin da zai buga, ya nemi shawara in ya ga dama. A 1752 ne ƙungiyar ta karɓi ragamar mujallar ta kafa kwamitin zaɓen takardu, sannan a 1832 aka fara neman rubutaccen rahoto daga masu dubawa, bisa shawarar William Whewell. Ko bayan haka ma al'adar ba ta game duniya ba. Takardun da Albert Einstein ya buga a 1905 a mujallar Annalen der Physik ta Jamus editoci ne kawai suka duba su. Shi ya sa a 1936, da mujallar Physical Review ta Amurka ta aiko masa da rahoton wani mai tantancewa da ba a faɗi sunansa ba, game da takardar da ya rubuta tare da Nathan Rosen, ransa ya ɓaci, ya janye takardar, yana mai cewa shi bai ba da izinin a nuna wa kowa ita kafin a buga ba. Daga baya ta bayyana cewa mai tantancewar, Howard Robertson, shi ke da gaskiya, kuma Einstein ya sauya sakamakonsa kafin takardar ta fito a wata mujalla a 1937. Ita kuwa mujallar Nature ba ta wajabta aika kowace takarda ga masanan waje ba sai a 1973. Ke nan, abin da ake kallo a yau tamkar da shi aka haifi ilimi, bai zama dole a ko'ina ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, kuma kowane fanni ya karɓe shi ne gwargwadon bukatarsa.

3.0 Yawan Maƙalun da Ake Ƙi

A 1971 Harriet Zuckerman da Robert Merton, masana zamantakewa a Amurka, sun buga wani nazari a mujallar Minerva, inda suka tattara alƙaluman mujallu 83 na shekarar 1967. Sun gano cewa mujallun tarihi suna ƙin kashi 90 cikin 100 na maƙalun da aka aiko musu, na harshe da adabi kashi 86, na falsafa kashi 85. Lissafi ya tsaya a tsakiya da kashi 50, yayin da fiziks ya sauka zuwa kashi 24. Abin da zai ba manazarcin harshe mamaki shi ne fannin da ya zo can ƙasan jerin, wato kimiyyar harshe, da kashi 20 kacal, ko da yake mujalla ɗaya ce tak ta wakilci fannin, don haka bai kamata a ɗora wa adadin nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Duk da haka, ga fannoni biyu da a jami'o'in Nijeriya sukan zauna a sashe guda, wani lokaci ma a ofis guda, amma ɗaya yana kusa da saman jerin, ɗaya yana ƙarshensa.

Ba za a ce masana tarihi sun fi masana fiziks rubuta shirme ba. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne na ƙa'idar da edita yake aiki da ita idan ya shiga kokwanto. A fannin da masana suka yi ittifaƙi a kan abin da ake kira kyakkyawan aiki, ƙa'idar ita ce a buga sai in an ga kuskure. A fannin da ba a yi wannan ittifaƙi ba, kuma shafukan mujalla suka yi kaɗan, ƙa'idar ita ce a ƙi sai in maƙalar ta nuna dalilin da zai sa a ba ta wuri. Saboda haka yawan ƙi ba shi ne ma'aunin tsananin bincike ba, kamar yadda za a gani a fannin lissafi.

4.0 Tambayar da Mai Tantancewa Yake Amsawa

A lissafi tambayar ita ce, shin hujjar nan ta tabbata? Mai tantancewa yana iya zama da alƙalami da takarda ya bi ta layi-layi, domin duk abin da ake bukata yana cikin maƙalar. A watan Yuni na 1993 Andrew Wiles ya bayyana a Kambirij cewa ya warware matsalar ƙarshe ta Fermat, wadda ta gagari masana fiye da shekara 350. Aka raba rubutun, mai shafi kusan 200, ga masu tantancewa shida. Ɗaya daga cikinsu, Nick Katz, ya yi ta aiko da tambayoyi har ya kai ga wadda Wiles ya kasa amsawa, ashe akwai giɓi a tsakiyar hujjar. Sai a watan Satumba na 1994 aka cike giɓin da taimakon Richard Taylor, aikin ya fito a Annals of Mathematics a 1995. Amma ko a lissafin ma abin yana da iyaka. A 1998 Thomas Hales ya gabatar da hujja a kan hasashen Kepler, wanda ke cewa babu wata hanyar jera ƙwallaye da ta fi cike wuri kamar yadda mai sayar da lemo kan ɗora shi bisa juna. Hujjar ta dogara da lissafin kwamfuta mai ɗimbin yawa. Masu tantancewa 12 suka shafe shekara huɗu a kanta, daga ƙarshe suka ce sun gamsu kashi 99 cikin 100, amma ba za su iya bin dukkan aikin kwamfutar ba. An buga a 2005, shi kuwa Hales bai huta ba sai da shi da abokan aikinsa suka sa kwamfuta ta tabbatar da kowane mataki, aka kammala a 2014.

A kimiyyar gwaji kuwa mai tantancewa ba ya maimaita gwajin. Abin da yake dubawa shi ne ko hanyar da aka bi ta dace, ko kuma sakamakon ya biyo bayan alƙaluman da aka kawo. Wata takarda da ta fito a Physical Review Letters a 2015 game da nauyin ƙwayar Higgs tana da marubuta 5,154, kuma na'urar da aka yi gwajin da ita guda ce a duniya, a cibiyar CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan. A irin wannan hali ainihin tantancewar tana faruwa ne a cikin gida, tsakanin kwamitocin ƙungiyar binciken, kafin takarda ta fita. Daɗin daɗawa, tun 1991 da Paul Ginsparg ya kafa rumbun arXiv, masana fiziks kan ajiye takardunsu a intanet kowa ya karanta, hatimin mujalla ya biyo baya bayan watanni.

Fannin likitanci ya fi kowa tsoron kuskure, domin kuskurensa rai yake ci. Shi ya sa manyan mujallunsa sukan sa ƙwararre a ilimin ƙididdiga ya duba alƙaluma daban, kuma daga 2005 suka daina karɓar rahoton gwajin magani in ba a yi masa rajista tun farko ba. Fannin ne kuma ya fi kowa gwada ita kanta tantancewar. A 1998 Fiona Godlee ta mujallar BMJ da abokan aikinta suka cusa kurakurai takwas da gangan a cikin wata maƙala suka aika wa ɗaruruwan masu tantancewa. A matsakaici kowanne ya gano biyu ne kawai. A wannan shekarar ce kuma mujallar Lancet ta buga takardar Andrew Wakefield, wadda ta dogara da yara 12 ta jefa shakku a kan allurar rigakafin ƙyanda, ba a kuma janye ta ba sai a 2010, bayan iyaye da dama sun ƙaurace wa allurar. Mai tantancewa yana karanta abin da aka rubuta masa ne, ba ya ganin majinyaci, don haka ƙarya da aka tsara da kyau tana iya wuce shi.

Wasu fannonin sun bi nasu tafarkin dabam. Masana kwamfuta sun fi daraja takardar taron shekara-shekara a kan ta mujalla, kuma kwamitin taro kan yanke hukunci cikin 'yan makonni. A 2014 masu shirya taron NIPS suka ba kwamitoci biyu kashi ɗaya cikin goma na takardun, ba tare da ɗayansu ya san hukuncin ɗaya ba, sai ga shi kimanin rabin abin da wannan ya karɓa wancan ya ƙi. A tattalin arziki jira ne matsalar: Glenn Ellison ya nuna a 2002 cewa lokacin da maƙala kan ɗauka kafin babbar mujalla ta karɓe ta ya tashi daga ƙasa da shekara guda a wajejen 1970 zuwa kusan shekara biyu a ƙarshen shekarun 1990. Takardar George Akerlof a kan kasuwar tsofaffin motoci mujallu uku ne suka ƙi ta kafin ta fito a 1970, kuma tana cikin abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2001. Manyan mujallun shari'a na jami'o'in Amurka kuwa, irin su Harvard Law Review da aka kafa a 1887, ɗalibai ne editocinsu, kuma marubuci yana da damar aika maƙala ɗaya ga mujallu da dama a lokaci guda, abin da a wasu fannonin babban laifi ne.

A adabi da tarihi da falsafa tambayar ba ta tsaya a kan daidai ko kuskure ba. Ana tambaya ne, shin wannan karatu sabo ne, ya san abin da magabata suka faɗa, kuma ya cancanci shafukan da zai ci? Masana biyu na iya saɓawa a kan haka ba tare da ɗayansu ya yi kuskure ba. Haka kuma a waɗannan fannoni littafi ne babban aiki, madaba'ar jami'a ce kan aika da shi ga masu karatu, sannan sharhin da ake yi masa a mujallu bayan fitowarsa shi ne rabin tantancewar. Da yake hukunci a nan ya rataya ga ra'ayi, tsoron son kai ya fi yawa, shi ya sa ɓoye sunan marubuci ya fi karɓuwa. Tsoron kuwa yana da tushe. A 1982 Douglas Peters da Stephen Ceci suka ɗauki maƙalu 12 na ilimin halayyar ɗan'adam da masanan manyan jami'o'i suka riga suka buga, suka sauya sunayen marubuta da na jami'o'in da na ƙage, suka sake aika wa mujallun da suka buga su. Uku kawai aka gane. Daga cikin taran da suka rage aka ƙi takwas. Mujallar PMLA ta adabi ta fara ɓoye suna a 1980, ko da yake Stanley Fish ya yi suka, yana ganin sunan marubuci wani ɓangare ne na ma'anar abin da ya faɗa. Ita kuwa American Economic Review ta daina ɓoyewa a 2011, domin a zamanin intanet gano mai maƙala bai wuce aikin minti ɗaya ba.

5.0 Matsayin Nazarin Harshe

Kimiyyar harshe ta ɗauki ɗabi'u daga ɓangarorin biyu. Kamar fiziks, ta saba da yawon rubutu hannu da hannu kafin bugawa. Babban rubutun Noam Chomsky na 1955 bai fito a matsayin littafi ba sai a 1975, kuma aikin Alan Prince da Paul Smolensky na 1993, wanda ya sauya alƙiblar nazarin tsarin sauti, ya shekara 11 yana yawo a matsayin rahoto kafin a buga shi a 2004. Kamar adabi kuma, tana da mazhabobi, ta yadda mai bin wani ra'i na iya ƙin maƙala don kawai ba ta yi magana da yaren mazhabarsa ba.

To, amma akwai wata matsala da ta keɓanta ga fannin, wadda ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Hujjar manazarcin harshe misalai ne: wannan jimla ta karɓu, waccan ba ta karɓu ba, wannan gaɓa tana da karin sama, waccan tana da karin ƙasa. Mai tantancewa da ya san ra'in amma bai san harshen ba, ba shi da yadda zai yi sai ya gaskata. A 2013 Jon Sprouse da Carson Schütze da Diogo Almeida suka gwada misalan Ingilishi da aka buga a mujallar Linguistic Inquiry daga 2001 zuwa 2010 a kan ɗimbin masu harshen, suka sami dacewar kimanin kashi 95 cikin 100. Sai dai a 2018 Tal Linzen da Yohei Oseki suka zaɓo misalan Ibrananci da na Jafananci waɗanda suke shakka a kansu, suka gwada, sai rabin na Ibrananci da sulusin na Jafananci suka kasa tabbata. Fassarar da suka ba abin ita ce, misalin Ingilishi yakan bi ta idon editoci da masu tantancewa da mahalarta taro waɗanda duk suna jin harshen, don haka gurɓataccen misali ba ya nisa, alhali misalin wani harshen yana iya wucewa ba wanda ya ɗaga gira. Muhawarar harshen Piraha na ƙasar Burazil ta ƙara fito da wannan fili. A 2005 Daniel Everett ya yi iƙirarin cewa harshen ba ya saka jimla a cikin jimla. Da Andrew Nevins da David Pesetsky da Cilene Rodrigues suka mayar masa da martani a mujallar Language a 2009, akasarin hujjojinsu daga tsofaffin rubuce-rubucen shi Everett ɗin suka ɗebo su, domin masanan da suka iya harshen ba su taka kara sun karya ba.

Nazarin Hausa yana da nasa misalin na yadda gyara kan zo bayan bugawa. A 1971 William Leben ya gabatar da dokar ɗaga karin ƙasa, wadda ke cewa idan kalma ta ƙare da gaɓoɓi biyu masu karin ƙasa, kuma wasalin ƙarshe dogo ne, to gaɓar ƙarshen takan koma karin sama. Dokar ta shiga littattafai, masu nazarin karin sauti a ƙasashe da dama suka yi ta kafa hujja da ita. A 1989 Paul Newman da Philip Jaggar suka buga suka a mujallar Studies in African Linguistics, inda suka jero rukunonin kalmomin da suka saɓa mata, ciki har da amsa-kama da kalmomin aro irin su firamare da sakandare. A wannan shekarar Russell Schuh ya mayar da martani a mujallar yana kare dokar. Abin lura a nan shi ne, shekara 18 aka yi kafin a yi wannan zama, kuma waɗanda suka yi shi mutane ne da suka daɗe da harshen a kunnensu. Ga shi kuma rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ta yadda gari na zama da gari na tuwo duk ɗaya ne a takarda. Maƙalar tsarin sauti da ba ta sa alamomin nan ba, ba ta ba mai tantancewa abin da zai duba ba.

Idan haka ta faru da Hausa, wadda take da ƙamusun Bargery tun 1934 da manazarta a nahiyoyi uku, to ina ga sauran harsunan Nijeriya, waɗanda yawansu ya haura 500? A harshen da mutum biyu ko uku ne kawai suka taɓa nazarinsa, ɓoye suna wasan yara ne, domin taken maƙalar kaɗai ya isa ya tona mai ita. Abin da ya fi amfani ga edita shi ne ya raba aikin gida biyu, ya nemi wanda ya san ra'in, ya kuma nemi wanda ya san harshen ko da ba shi da babban muƙami, sannan ya bukaci marubuci ya faɗi karin harshen da misalansa suka fito, da waɗanda ya ji su daga bakinsu, ya kuma ajiye sautin da ya naɗa inda wani zai iya saurara. Akwai kuma hanyar mujallar Current Anthropology, wadda ta buga maƙalar Everett: takan buga maƙala tare da sharhin masana da sunayensu da amsar marubucin a fitowa guda. Wannan ya fi dacewa da ƙaramin fage inda kowa ya san kowa.

Saura maganar kwamitocin ƙarin girma, inda likita da injiniya da masanin adabi kan zauna a tebur ɗaya. Ma'aunin tasirin mujalla da Eugene Garfield ya ƙirƙiro yana ƙirga ambaton da aka yi wa maƙalu ne cikin shekara biyu da fitowarsu. Wannan ya dace da fannin da takarda kan tsufa cikin 'yan shekaru, amma bai dace da fannin da har yau ake kafa hujja da maƙalar F. W. Parsons ta 1960 a kan rukunonin aikatau na Hausa ba. Sanarwar San Faransisko ta 2012 da ta Laidin ta 2015 duk sun yi gargaɗi a kan auna malami da wannan ma'auni, ta Laidin kuwa ta ambaci bukatar kare binciken da ya shafi gida wanda ake rubutawa da harsunan da ba Ingilishi ba. Matsa wa manazarcin harsunan gida lamba a kan sai ya buga a waje yana iya tura shi hannun mujallun da kuɗi kawai suke karɓa. A 2013 John Bohannon ya aika wata maƙalar ƙarya mai kurakurai a fili ga mujallu 304 masu karɓar kuɗin bugawa, 157 daga cikinsu suka amince su buga ta, alhali suna iƙirarin suna tantancewa.